Dattijo Mai Ɗura Giris

Ina shan shayi a unguwar Alsawra aka zo aka ce mini an tsinci gawar aminina Salahuddin a hanyar Dongola. Ɗan ƙarfen da ke juya famfon baƙin mai ne ya karye a motarsa boksi, wato a-kori-kura, injin ya ƙone a tsakiyar hamada, ruwan shansa ya ƙare.

Yau kwana uku ina zama daura da rumfar da ya sayi ƙarfen. Ban san sunan mai ita ba. Dattijo ne siriri, jallabiyarsa fara tas, yana yawan murmushi, amma ba ya haɗa ido da mai saye. Kafin ya miƙa irin wannan ƙarfen, sai ya juya baya ya ɗura masa giris da babban yatsa, sannan ya murza shi kusa da kunnen mutum. Shiru. Wataƙila kyautatawa ce. Wataƙila kuma kukan tsohon ƙarfe yake toshewa.

Ranar da Salahuddin zai tafi na ce masa, "Ya akhi, injin nan yana tsuwa kamar ɗan tsako."

Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Ƙarfen sabo ne, Lawal. Dattijon ya rantse mini."