Takarda ta Ashirin da Bakwai

A unguwar Birni ta Damagaram aka haifi Idris Bukar, a gidan da kakanninsa suka kafa tun zuwansu daga Barno da fataucin kanwa. Amma yau in ka shiga Damagaram kana cigiyar Idris Bukar, sai an nuna maka mutum biyar kafin a kai ka wurinsa. Ka ce Malam Ƙugiya kawai, ko ɗan kabu-kabu ya san ƙofar gidan.

Tun yana lakwal, wato makarantar boko, ya jawo wa kansa sunan. Malami ya rubuta kalmar Hausa a allo da rubutun Faransanci, sai ka ga hannun Idris a sama. Wai ƙafa daban, kafa daban, ɓata daban, bata daban, a sa wa harafi ƙugiyarsa. Ya sha bulala a kan wannan ƙugiya har ba adadi, bai daddara ba. Mutum ne mai kirki, wallahi, sai dai taurin kai kamar jakin ɗaukar ruwa. Da ya gama ya tafi Yamai ya karanto aikin odinater, wato kwamfuta, ya dawo gida don tsohonsa ya fara gajiya, ya sami aiki a wata makarantar koyon jinya da unguwarzoma mai zaman kanta, can hanyar Kara-Kara.

Kowace shekara makarantar tana yin konkur, wato jarrabawar shiga. Ɗaruruwa ke zaunawa, arba'in ake ɗauka. Da can ranar fitar sakamako ranar faɗa ce: takarda biyu a ƙofa, mutum ɗari uku a kanta, a yaga wa wannan mayafi, a taka wa wancan takalmi. Idris ne ya kashe wannan rigima. Ya sa aka raba katangar makaranta gida ashirin da shida, aka rubuta A har zuwa Z da fenti. Ya rubuta wa inji tsarin da zai jera waɗanda suka ci, kowane harafi da takardarsa, harafin da babu kowa ma a buga takardarsa fayau. Baba Yunusa mai gadi, wanda bai yi boko ba, sai ya ɗauki takardun yadda suka fito ya bi katanga yana mannawa, ta farko a gidan farko, ta biyu a na biyu. Kowa ya tafi harafin sunan ubansa ya duba. Wanda ya ga sunansa yana da kwana bakwai ya zo ya yi rajista, in bai zo ba a ba na jiran layi gurbinsa. Madam darakta ta yaba masa a gaban ma'aikata, shi kuwa har tafiyarsa ta canja.

To, ga inda halinsa ya shigo. Duk wanda ya zo rubuta suna, Idris ba ya wadatuwa da abin da ke takardar haihuwa. Wancan ya ajiye shi a layinsa na hukuma, sannan ya ce wa mutum, "Faɗa mini yadda ake kiran ka a gida." Wannan na gidan shi yake fitarwa a katanga.

Bara, lokacin rubuta suna, wata mata ta zo daga wani ƙauye na Gaffati tare da tsohonta. Sa'a sunanta. Shekara goma sha ɗaya tana taya aiki a ɗakin shan magani na ƙauyensu, ita ce shara, ita ce dafa almakashi, ita ce riƙe mai naƙuda, amma ba ta da takardar da za a kira ta unguwarzoma. Tsohon manomi ne, siriri, da sanda. Idris ya karɓi takarda ya ga an rubuta Dan Karami.

"Baba, haka sunanka yake?"

"Haka Nasara ya ga dama," in ji tsohon. "Ni dai Ɗanƙarami uwata ta sa mini."

Idris ya buga, ya juyo masa da fuskar injin, ya nuna masa ƙugiyar Ɗ da ta ƙ da bakin biro. Tsohon bai iya karatu ba, amma ya daɗe yana kallo. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe sunan nawa har da ƙaho. Yaro, Allah ya yi maka albarka. In ta ci, haka za a kafa shi a bango?"

"Haka za a kafa shi, Baba."

"To zan zo in gani."

Idris ya yi mako yana ba abokansa wannan labari a majalisar shayi. Sakamako ya fito, aiki ya yi yawa, bai sake bi ta kansu ba. Bana Sa'a ta dawo rubuta suna ita kaɗai. Ta ce masa wannan ne zuwanta na ƙarshe, don dokar makarantar ba ta karɓar wanda ya haura talatin da biyar, ita kuwa bana take cika su. Ya yi mata fatan alheri, layi na da tsawo, bai ko tambayi tsohon ba.

An manna sakamakon bana ran Juma'a. Ran Alhamis da ta biyo, ranar da za a rufe rajista da ƙarfe huɗu, Idris ya fito da hantsi ya zauna a bencin mai gadi. Baba Yunusa ya miƙo masa gyaɗa soyayya a ƙunshin takarda. Ya ci, ya ci, gyaɗa ta ƙare, ya zazzage ɓawon, zai murƙushe takardar sai idonsa ya faɗa kan tambarin makaranta. Ya warware ta. Suna ɗaya ne tak a jikinta, maiƙon gyaɗa ya ɓata gefensa: Ɗanƙarami Sa'a, ta uku cikin arba'in.

"Baba Yunusa, ina ka samo wannan?"

"Ragowar injinka ce mana. Gida ashirin da shida ne a bango, shi kuwa ya ba ni ashirin da bakwai. Na manna har Z, wannan ta yi saura."

Idris ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Innalillahi kawai yake maimaitawa. Tsohon ya ga yaron ya rikice, sai ya so ya kwantar masa da hankali, ya jawo akwatin da yake ajiye goro da tocila.

"Kada ka damu, ai halin injin ne. Bara ma haka ya yi. Ka ga ta baran nan, ban yar ba, na shimfiɗa a ƙasan akwati."

Ya zaro ta, ta yi ja don daɗewa. Sunan nan dai ne. Ta biyar cikin arba'in.

Kai jama'a! Ni da nake ba ku labarin nan, duk sa'ad da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi. Mace ta ci jarrabawa shekara biyu a jere, sunanta na kwance ƙarƙashin goro.

Da gudu ya shiga biro, wato ofishinsa. Bai ɗauki minti biyar ba ya gano, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, don ba wani abu ne ɓoyayye ba. Yaren da yake rubuta wa inji umarni da shi, Python, yana zuwa da rumbun kayan aikinsa waɗanda aka riga aka ƙera. A cikin rumbun akwai sashen da ake gaya wa inji ƙasar da yake da yaren mutanenta, don ya san ko waƙafi ake sa wa lamba ko ɗigo, yadda ake rubuta kwanan wata, da harafin da ke bin wani. Idris ya san sashen sarai. Da shi ya koya wa injin karanta maki irin na Faransanci, sha biyu waƙafi biyar. Amma da ya zo jera sunaye, sai ya kira majeri, wato kayan aikin da ke jera abubuwa, shi kaɗai, bai haɗa shi da sashen ba. Shi kuwa majeri in an bar shi haka, babu ruwansa da abacada, lambar da aka ba kowane harafi yake bi. D lambarsa sittin da takwas, Z casa'in, Ɗ kuwa ɗari uku da casa'in da huɗu. A wurin inji, Ɗ ba ƙanin D ba ne, baƙo ne da ke can bayan Z. Da Idris ya bar sunan yadda Nasara ya ɓata shi, da tun bara yana gidan D.

Ya shiga wurin Madam darakta ba ko sallama, ya ajiye takardun biyu a teburinta. Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube shi.

"Bara mun ɗauka ba ta zo ba ne, muka ba wata gurbin. Idris, me ka yi?"

"Ni ne, Madam. Ba Baba Yunusa ba, ba inji ba."

"Ƙarfe huɗu nake rufe littafi, na jiran layi na zaune a waje tun safe. Ka kira ta."

Ya kira lambar da ta bari, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Sai ya hau moto, wato babur ɗinsa.

Bai san yadda ya fita gari ba. Ya bar kwalta ya shiga yashi, sau biyu moto na kayar da shi, ya tashi bai ko kakkaɓe riga ba. Ana kiran azahar ya isa ƙauyensu. Ya same ta a bayan ɗakin shan magani, ta ɗora tukunya a murhu tana dafa kayan aiki. Ta gane shi, ta gyara mayafi.

"Malam, lafiya?"

Ya miƙa mata ta bana. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta karanta, ta bi sunan da yatsa, ta sake karantawa.

"Na je fa," ta ce. "Ran Juma'a na je. Na karanta gidan D sau uku, har na duba K ko an juya. Na dawo na kashe waya don kada a dame ni da jaje."

Ya yi mata bayani iya yadda zai iya: ƙugiyar, lambar, katangar da ta ƙare a Z. Ya ce ta ɗauko takardunta su tafi yanzu, akwai sauran lokaci. Ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya. Ta ga ɗaya takardar a aljihun rigarsa, ta leƙo.

"Waccan fa?"

Ya so ya ce ba komai. Wallahi ya so. Amma hannunsa ya riga ya zaro ta.

Sa'a ta daɗe a tsaye da jar takardar nan. Ruwan tukunya na tafasa yana zuba a wuta, ba wanda ya kula. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Bara tare muka je da Baba," ta ce a hankali. "Ya ce shi ba ya karatu, amma zai gane ƙahon. Ya bi bangon nan da sanda tun daga farko har ƙarshe yana nema. A mota ya ce mini kada in damu, kan gidanmu ne ba na boko ba, laifinsa ne ba nawa ba."

"Ina Baban yake? In je in roƙe shi gafara da bakina."

"Da damina ya rasu."

Idris ya durƙushe a wurin, cikin toka.

Ita ce ma ta ce ya tashi, rana na tafiya. Ta sauke tukunya, ta ɗauko takardunta a leda, ta hau bayan moto. Huɗu saura kwata suka tsaya a ƙofar makaranta, na jiran layi suna kallon su.

Shi ya zauna gaban inji don yi mata rajista. Ya ɗora yatsu, ya kasa bugawa.

"Malama Sa'a, in mayar da shi yadda yake a takardar haihuwa? Don kada a sake..."

"A'a. Yadda ka nuna masa za ka bar shi. Sunansa ke nan. Bangonku za ku gyara."

Ya gyara tsarin a yammacin nan, gyaran bai fi layi biyu ba. Layi biyu, jama'a. Kashegari ya sayo fenti da kansa ya ƙara wa katanga gida huɗu, Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, kowanne kusa da ɗan'uwansa. Har yau yana makarantar, har yau Malam Ƙugiya ake ce masa, sai dai ya daina ba da labarin ƙaho a majalisa, kuma ranar sakamako shi ke bin Baba Yunusa da kwanon ƙullun mannawa yana ƙirga takardu.

Da fentin ya bushe, Sa'a ta zo ta karɓi ƙullu a hannun mai gadi. Idris ya miƙo mata sabuwar takarda mai tsabta da ya buga, ta bana. Ta girgiza kai. Ta buɗe jakarta ta fito da jar nan mai warin goro, ta bara, ta shafa mata ƙullu, ta manna ta a gidan Ɗ, daidai tsayin da tsoho mai sanda zai iya gani.