Jinin da Lauratu Ta Bayar

Na gaji da ba da labarin nan, wallahi na gaji. Amma tunda har yau in na shiga kasuwar Gaya sayen zare sai wata ta ja ni gefe tana raɗa min, "Bara'atu, wai da gaske ne abin da ake faɗa a kan ƙanwarki?" to bari in faɗe shi gaba ɗaya, kowa ya huta, ni ma in huta.

Lauratu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni take bi. A Gaya aka haife mu. Ni ina nan ina ɗinki, ita kuwa aure ya kai ta Toranke, gidan Sagiru, manomi ne, da rani yana taɓa acaba. 'Yarsu ɗaya, Ummu Salma. Sana'ar Lauratu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk Toranke an san hannunta, don manta ba ya kumfa a kasko.

Tana aji uku a sakandare wata ƙawarta ta ara mata faifan wani fim na Turawa. Daga nan aka samo ta. Wai wata yarinya ce 'yar makaranta, a wani gari da ƙanƙara ba ta ɗaukewa, ta kamu da son wani yaro fari fat kamar alli. Ashe shekararsa ɗari biyu a duniya, kuma jinin mutane yake sha, sai dai ya rantse ba zai taɓa nata ba. Ga kuma ɗan mai gidan burodi yana mutuwar sonta. Haka ake ta jan abin har kashi huɗu. Ni rabin na farko na gani barci ya kwashe ni. Lauratu kuwa haddace shi ta yi tas, har ta san inda kowa zai yi tari.

Mun ɗauka in ta yi aure za ta bari. Ina! Da Sagiru ya saya mata babbar waya, zuwanta Gaya na farko wurin masu tura fim ta wuce, aka zuba mata duka huɗun da fassarar Hausa. Daga nan ta faɗa wani guruf a waya na masoyan fim ɗin, mata sun fi tamanin, daga Kano, Wudil, Dutse, har Damagaram. Da yake tana ɗan jin Turanci, ita ta zama mai kawo musu labari. Sabis a gidanta wuri ɗaya yake kamawa, gefen rumbu, shi ma sai ta kife turmi ta hau. A kan turmin nan take karanta abin da jaridun Turawa suka rubuta, a hankali, tana bi da yatsa, sannan ta naɗi murya da Hausa ta tura: jarumin ya yi aure, jarumar ta aske gashi, ana raɗe-raɗin kashi na biyar, a'a an fasa, a'a an dawo da maganar. Shekara da shekaru ana abu ɗaya.

Kuma kar ku ɗauka makauniyar soyayya take wa fim ɗin. Ita da kanta take ce min, "Yaya, yarinyar nan fa ba ta da aikin fari bare na baƙi. Kashi huɗu, ban taɓa ganin ta ɗora tukunya ba, kullum tana bakin taga tana jiran namiji." Na ce to me kike nema a ciki? Ta nuna min tafin hannunta, duk kanta saboda matsar tunkuza. Ta ce, "Daga asuba zuwa la'asar ta gyaɗa ce. Wannan awa ɗayar ce tawa." Ban sake yi mata tsiya ba a ranar.

Bara da bazara, wani gidan rediyo a Kano mai shirin sharhin fina-finai ranar Asabar da hantsi ya gayyato wani malami. Ya zage fim ɗin tas, ya ce yana ɓata tarbiyyar 'yan mata, yana koya musu cewa namijin da ke bin su lungu-lungu shi ne masoyi. Lauratu ta ce rabin maganarsa gaskiya ce. Abin da ya tunzura ta shi ne da mai gabatarwa ya tambaye shi kashi nawa ya kalla, ya ce shi ba shi da lokacin ɓatawa, talla kawai ya gani. Sai baiwar Allah ta haye turmi ta tura musu saƙon murya. Sati na zagayowa suka sa shi, da sunanta da garinta, Lauratu Sagiru daga Toranke.

Ta yi magana mai ma'ana, ta ce wanda bai kalli abu ba bai kamata ya yi masa hukunci ba. Da nan ta tsaya! Amma bakin Lauratu in ya ɗau zafi ba ya jin birki. Ta ƙare da cewa, tana dariya, "Ni dai wallahi mai shan jinin nan ya fi maza da yawa tausayi. Da ni ce yarinyar, da tuni na bi shi na zama irinsa."

'Yan guruf suka yi ta tura mata tafi. A Toranke kuwa rediyon mai shayi a kunne yake, majalisa cike. Aka yi dariya, aka tsokani Sagiru kwana biyu, wai ya riƙa kwana da rawani a wuya. Muka ɗauka ta wuce.

Da damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama Kadijatu, 'yar maƙwabtansu Barau da Baiwa. Shekararta goma sha biyu. Yarinyar nan kullum da la'asar tana gidan Lauratu, tana leƙen wayar ta bayan kafaɗa, ta kai tsakiyar kashi na uku ciwon ya kwantar da ita. Aka yi kwana biyar ana jiƙe-jiƙe. Da jikin ya yi zafi sai ta fara sambatu, ba ta kiran uwa ba ta kiran uba, sai "Anti Laure, Anti Laure." A rana ta shida aka kira ma'aikacin lafiya ya duba ta. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, a yi maza a kai ta Gaya a ƙara mata.

Kakarta ta wajen uba, Gaji, ita ta fara tambaya. Ta ce, "Jini ya ƙare? Ba ta yanke ba, ba ta yi haɓo ba. To ina ya tafi?" Wata ta tuna da rediyo. Wata ta ce ai sunan da yarinyar ke kira ke nan. Kafin azahar magana ta gama gari: Lauratu mayya ce, da bakinta ta faɗa duniya ta ji.

Sagiru ya kira ni a waya. Na bar ɗinkin mutane a kan keke na hau babur. Na tarar da tsakar gidan Barau cike da mata, an shimfiɗe Kadijatu a tabarma, leɓenta fari, ga Lauratu a tsaye an sa ta a tsakiya, hannunta ko wankewa ba ta yi ba daga mai. Abin da suke so kowa ya san shi: wadda ake zargi ta tsallaka marar lafiya sau uku, wai ta saki kurwar da ta kama. Tarko ne mai baki biyu. In ta tsallaka yarinya ta warke, an tabbatar. In ta ƙi, an ce mugunta ce ta hana ta. Kuma wannan suna ba a kan mutum ɗaya yake tsayawa ba, cewa ake a nono ake sha. Duk wanda ke wurin ya san ba Lauratu kaɗai ake yanke wa hukunci ba, har da Ummu Salma mai shekara bakwai, da take laɓe a bayan ƙofa.

Ni dai na buɗe baki na zazzage musu. Na ce ku ji tsoron Allah, fim ne fa, wasan kwaikwayo, jan kala ake shafa wa yaron a baki! Gaji ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Laure, ban zage ki ba, ban ce a taɓa ki ba. Ki tsallaka kawai ki sakar min jika."

Lauratu ta ce, "Inna Gaji, da hannuna na yi wa yarinyar nan kitso ranar Juma'a. Ba zan tsallaka ta ba, don ban kama komai nata ba. An ce jini take nema. A tashi mu tafi Gaya, in nawa ya yi, a ɗiba."

Barau, uban yarinyar, wanda tun ɗazu yake tsugune a zaure, shi ya miƙe ya ce a nemo mota. Uwarsa na faɗa, bai tsaya ba.

A asibiti aka gwada na Barau, bai dace ba. Baiwa tana da tsohon ciki, aka ce ba a ɗibar nata. Ni hawan jini gare ni. Aka gwada na Lauratu, ya dace. Ina zaune kusa da ita ledar jinin tana cika, tana kallon silin, har da yi min wasa, wai "Yaya, yau ga mai shan jini ana shan nata." Na yi dariya har da hawaye. Wallahi a raina na ce shi ke nan, Allah ya wanke ta a gaban kowa. Kwana uku Kadijatu ta tashi zaune ta sha kunu, ta cinye ƙosai biyar. Likita ya ce zazzaɓin sauro ne ya cinye jinin, ya faɗa a gaban Barau da Baiwa, da Hausa, ba da Turanci ba.

Ranar da aka sallamo su na raka su Toranke, ina tafe ina jin daɗi kamar wata sakarya. Mata suka cika gidan ana barka. Gaji ta rungume jikarta tana kuka, sannan ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, ta dawo da shi."

Na ce, "Inna, wa ya dawo da me?"

Ta ce, "Ke ma kin sani. Na ubanta da ya haife ta bai dace ba, sai na bare? Ai jinin yarinyar ne, dole ya gane jikinsa. Mu dai mun yafe, tunda ta dawo da shi."

Matan suka gyaɗa kai. Ba wadda ta yi faɗa, ba wadda ta yi zagi, har addu'a suka yi wa Lauratu, wai Allah ya raba ta da abin. Da me za ka yi musu? Abin da ta yi don ta wanke kanta shi ya zama shaidarsu.

Ba a kore ta ba, ba a jefe ta ba. Sai dai yaran da ake aikowa sayen ƙuli suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In ta je famfo sai a matsa mata ta ɗiba ita kaɗai, da ladabi. Baiwa takan gaishe ta ta kan katanga in surukarta ba ta nan, amma Kadijatu ba ta sake shiga gidan ba, an rataya mata laya. Sagiru ya kai ƙara wurin liman, liman ya yi wa'azi mai kyau ranar Juma'a, kowa ya ce gaskiya ne, aka koma gida aka ci gaba. Yanzu man nata ni ake kawo wa Gaya a jarka, ina sayarwa a ƙofar shagona, ba na faɗar na wace ce.

Ta fita daga guruf ɗin, ta goge fim ɗin. Har yau matan suna kirana suna cigiyarta, wai an tabbatar za a yi kashi na biyar, ba mai fassara musu labarin. Da na je Toranke bayan girbi na gaya mata, ko za ta yi murmushi. Ta ce, "Allah ya ba su sa'a," ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko. Turmin yana gefen rumbu, an mayar da shi daidai, da taɓarya a ciki.

Ina shirin tafiya sai ga Ummu Salma ta dawo daga Islamiyya. Na ce ina ƙawayenki? Ta ce yanzu tabarmarta daban. Sannan ta ce, "Anti, wai ni ma na sha a nono?"

Lauratu ta sauke kaskon. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe akwati, ta fito da kayan yarinyar a ƙulle a zani, da allonta a sama. Ta ce sun riga sun yi maganar in tafi da yarinyar Gaya ita da Sagiru tun sati biyu, ni suke jira.

Ta rako mu har bakin hanya inda ake samun babur. Ta gyara wa 'yarta hijabi, ta ɗora ta a tsakiya, ta ɗora mata ƙullin a cinya. Sannan ta matso kusa da kunnena, yadda yarinyar ba za ta ji ba.

Ta ce, "Yaya, in an tambaye ki a Gaya, kar ki ce tawa ce. Ki ce taki ce."