Ranar da Muka Buɗe Tushe a Gashuwa

Ba zan rantse cewa komai ya faru yadda zan faɗa ba. An ɗan jima, kuma ranar ina cikin tashin hankali, mai tashin hankali kuwa ba ya riƙe magana daidai. Abin da na tabbatar shi ne lokacin siyasa ne, kuma aikina ya kusa tafiya saboda kalma guda.

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aiki a Nguru, a kamfanin wani Alhaji mai sayen riɗi da ƙaro. Kamfani muke cewa, amma ɗaki biyu ne da sito. Ni ne mai kula da kwamfuta, kuma ni ke riƙe da makullin ofis. Ranar Asabar nakan hau mota in tafi Gashuwa, inda muke haɗuwa a shagon wani mai gyaran waya, mu masu son harkar na'ura.

Mai gyaran wayar shi ne jagoranmu, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Aƙidarsa ɗaya ce: duk manhajar da masu ita suka ɓoye yadda aka rubuta ta, zalunci ce. Idan ka kawo masa kwamfuta don ya canza mata batir, kana dawowa za ka tarar ya share abin da ke ciki ya zuba maka irin manhajar da kowa ke iya dubawa ya gyara, sannan ya jira godiya. Akwai kuma wani da ya taɓa aiki a babban kamfani a Legas. An sallame shi tun tuni, amma igiyar katin shaidarsa tana wuyansa har lokacin, kuma ba ya fara magana sai da “mu a kamfani”. Muna kiransa Manaja.

“Mu a kamfani, abin da ba a saya ba, ba a yarda da shi,” in ji Manaja. “Idan ya lalace wa za ka kira ka zaga?”

“Kai suka kira suka zaga, shi ya sa kake nan kana cin bandar kifi da mu,” in ji mai gyaran waya. “Gwamnati ma da za ta buɗe cikinta kamar manhajarmu, da an gyara hanyar Yusufari.”

Haka muke yi kowane mako, har aka yanke shawarar shirya taro don wayar da kan jama'a. Matsalar ita ce sunan abin da Hausa. Mun taɓa rubuta “manhaja kyauta” a ƙofar shago, mutane suka zo da buhuna, wata tsohuwa ta tambaya ko manhajar ta dafawa ce. Da yake ni ne mai digiri, aka ɗora mini neman wani suna. Na yi ta juya maganar, na tambayi malamai biyu, daga ƙarshe na kawo “buɗaɗɗen tushe”. Har gobe ina ganin fassarar ba ta da laifi, duk da dai ban ce ba a iya samun wadda ta fi ta ba.

Aka rubuta a ƙyalle babba: TARON BUƊE TUSHE. KOWA NA DA 'YANCIN DUBA TUSHE, YA GYARA, YA YAƊA. A gefe aka zana tsuntsun nan mai ƙiba, baƙi da fari, da ke zaune kamar ya ƙoshi, wanda masu wannan harka suka ɗauka tambari. Muka tsaya gaban ƙyallen muka ɗauki hoto, ni a tsakiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne maigidana yana neman tikitin takarar wata kujera da ke buƙatar ƙuri'un Nguru da na Gashuwa duka, kuma abokan hamayyarsa sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne, kakansa daga Haɗeja ya zo. A garuruwanmu idan aka ce za a buɗe tushen mutum, ba wanda zai tuna da kwamfuta.

Alhaji ya kira ni ofishinsa, ya juyo mini da wayarsa. Ga ni ina murmushi.

“Injiniya, wane ne wannan?”

“Kamar ni ne, ranka ya daɗe.”

“Tushen wa za ku buɗe?”

“Ba na wani mutum ɗaya ba ne, Alhaji. Na kowa ne, a iya cewa.”

“Na kowa. To wa ke gyarawa?”

“Duk wanda ya ga kuskure, ranka ya daɗe. Har daga ƙasashen waje ana turo gyara.”

Ya cire hula ya ajiye a kan tebur. “Wannan agwagwar kuma ta wace jam'iyya ce?”

Na ce ba agwagwa ba ce, kuma ba ta da jam'iyya, iya sanina. Ya ce ya riga ya nuna wa wani mutumin Dagona, wanda ya san duk tsuntsayen da ke sauka a fadama, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ke nan ita ma baƙuwa ce aka kawo da manufa. Na yi ƙoƙarin bayani, amma ina da ɗabi'ar ƙara “wataƙila” a ƙarshen magana, kuma kowace “wataƙila” tana ƙara ɓata lamarin.

“Zan zo taron da kaina,” in ji shi. “Idan na ji sunan kakana a wurin nan, ranar Litinin ka kawo mini makullina.”

Na roƙi mai gyaran waya a sauke ƙyallen. Ya ce ai ƙyallen ma na kowa ne yanzu, ba mai ikon sauke shi shi kaɗai.

Ajin makaranta muka aro, muna sa ran matasa kaɗan. Da hantsi ajin ya cika har tagogi. Dattawa ne da manyan riguna, 'yan kasuwa, masunta, da magoya bayan ɓangarorin biyu, kowa ya zo jin tushen wani. Alhaji na zaune a bencin gaba, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Mai gyaran waya ya matse hannuna, idonsa ya kawo ruwa. “Ka gani ko? Al'umma ta farka.”

Ya tashi ya buɗe jawabi da cewa duk abin da aka ɓoye tushensa akwai cuta a cikinsa. Aka yi kabbara daga ɓangaren 'yan hamayya. Manaja ya ɗaga hannu ya ce su a kamfani tushe sirri ne, har hannu ake sa wa, wanda ya fallasa a kai shi kotu. Ɓangaren Alhaji suka tafa masa, abin da nake jin ba a taɓa yi masa ba ko a Legas.

Sai aka kunna janareta, majigi ya haska bango, rubutun manhaja ya fito, layi bisa layi, da baka-baka da ɗigo-ɗigo. Kowa ya zura wa bangon ido.

“Wannan na waye?” wani dattijo ya tambaya.

“Na kowa ne, Baba.”

“To ina sunan uban?”

“Mutane da yawa ne suka haɗu suka samar da shi.”

Aka ɗauki salati. Wani ya tashi ya fita yana kaɗa kai.

Ina jin a nan ne Alhaji ya yanke cewa nasa ne zai biyo baya a bangon. Ya miƙe da ƙyar daga bencin, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce ba sai wata agwagwa ta buɗe masa tushe ba, zai buɗe da bakinsa. Ya faɗi sunan kakansa da ƙarfi. Ya ce e, daga Haɗeja ya zo, a jirgin ƙasa ya sauka Nguru da buhun goro, ya auri 'yar masunta daga bakin kogin nan, kuma kabarinsa na nan, mai so ya je ya yi masa addu'a.

Na sa hannu a aljihu na taɓa makulli.

Wani tsoho daga bayan aji ya ce shi ya san mutumin, kuma ba a jirgi ya zo ba, a kan jaki ya zo. Wani tsohon ya ce jirgi ne, babansa ne ma ya ɗaukar masa buhun. Na farko ya ce buhun ba na goro ba ne, na barkono ne. Kafin azahar ajin ya rabu gida biyu, 'yan jirgi da 'yan jaki, kuma rabuwar ba ta bi jam'iyya ba, don har jagoran 'yan hamayya ya koma 'yan jirgi, ya ce kakansa ma a taragon da ke baya yake. An ambaci sunan kakan Alhaji a ranar fiye da yadda aka ambace shi yana raye. Mai gyaran waya yana ta raɗa mini cewa haka tsarin yake aiki, idan an kasa daidaitawa sai kowa ya ja reshensa. Ba kwamfuta ko ɗaya da aka zuba wa manhaja.

Ranar Lahadi na wuni ina auna sharaɗin. Alhaji ya ce idan ya ji sunan. Ya ji, amma shi ya fara faɗa. Sai dai bai ce daga bakin wa ba. Da safiyar Litinin na shiga ofishinsa da makulli a tafin hannu, na gaishe shi, na miƙa. Bai karɓa ba, bai kuma ce in mayar ba.

“Injiniya, kai da ka yi karatu. Jirgi ne ko jaki?”

Na duba fuskarsa ban gane wane ɓangare yake ba a safiyar nan. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba zan iya yanke hukunci ba, amma ba mamaki ya hau jaki ne ya kai shi tasha.”

Ya ɗaga kai ya kalli silin. Can ya ce, “Barkonon fa?”

“Wataƙila yana ƙasan buhun.”

Ya ce in je in buɗe ofis, masu riɗi na jira. Daga baya na ji shi yana faɗin maganar jakin da tashar a wurin kamfe, kamar abin da ya gada daga bakin kakarsa. Tikitin dai wani aka ba, bisa dalilan da ban sani ba, kuma ba na so a danganta su da fassarata. Makullin yana hannuna har yau.

Wasu sun ce ba Alhaji ne ya fara kiran tsuntsun agwagwa ba, wasu kuma sun ce an yi tafin Manaja ne kafin kabbarar. Duk wanda ke ajin nan ranar, ɗan jirgi ne ko ɗan jaki, idan ya ga na kauce a wani wuri, don Allah ya bar mini gyara a shagon mai gyaran waya. Kada dai ya bar kwamfutarsa a can.