Direban da Ya Sake Ƙafar Gaba

A garejin Gagarawa Tasha wani direba siriri yana tsugune, yana kallon bakanike na ɗaura wa motarsa sababbin ƙarafan ƙafar gaba, masu kauri. A goshinsa akwai ɗanyen tabo. Tun da na tsira daga hatsari a hanyar Gumel na san irinsa: aikin gilashin mota ne.

"Maigida, yanzu ba za ta ƙara ƙwace maka a kwana ba," in ji bakaniken.

Direban yana shafa ƙarfen kamar mai taya rago. "Ashe ni da birki mun rabu ke nan."

Suna ta dariya. Ina jin laifin ƙarfe ya gani, ba na gudunsa ba. Jakata kuwa tana cikin but ɗinsa, Maigatari za mu.