Ranar da Na Kai Baffa Ilu Gwajin Hanta

Katagum

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da Baffa Ilu, ƙanin mahaifina. Na daɗe ina lallashinsa ya je Azare a gwada jininsa. Yayyensa biyu, har da babana, ciwo ɗaya ya ɗauke su: ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, mutum ya rame har ya ƙare. Shi kaɗai ya rage mana, kuma ina tsoron rasa shi. Shi kuwa tuni ya yanke cewa sammu aka ba su a abinci, don haka bai ƙara cin komai a waje ba. Ya taho da kwanon dambunsa da gorar ruwansa, sai ka ce mai tafiya Makka a ƙafa.

A tasha sai da ya zagaye motar yana latsa tayoyi.

"Direba, wannan tayar ai ta girme ka."

"Shi ya sa ta fi ni sanin hanya, Alhaji. Shiga mu tafi."

Sakwa zuwa Gadau

Damina ta cinye hanya, muna tafe muna gware da kawuna. A shingen bayan Sakwa ɗan sanda ya buɗe kwanon Baffa, ya yaba ƙamshi, Baffa ya karɓe abinsa ya rufe ba tayi. A Gadau na sayi ƙosan naira ashirin, na zauna dab da shi ina ci da gangan.

"Sani, ka san uban wadda ta toya?"

"Ban sani ba, Baffa, amma ta iya."

Ya juya mini ƙeya har muka shiga gari.

Azare

Da hantsi muka hau acaɓa biyu zuwa asibiti. Baffa ya riƙe ɗan acaɓansa kamar ya kama ɓarawo. Aka ɗebi jini, muka jira har bayan azahar, sannan likita ta kira mu, wata 'yar Misau mai sanyin magana. Ta ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jininsa, amma hoton cikinsa bai nuna ƙari a hantar ba, sai ya riƙa zuwa duk wata shida ana dubawa.

"To wa ya zuba mini?" in ji Baffa.

"Baba, ba a ci a abinci," ta ce. "Kuma ta daɗe a jikinka, wataƙila tun kana ƙarami."

Ta yi mana bayani a hankali. Kowace ƙwayar halitta ta hanta tana ɗauke da tsarin da take bi, yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. Wannan cuta kan cusa guntun nata tsarin cikin na hantar, kamar a saƙa baƙuwar kaba cikin tabarma, ba ta zaruwa. In guntun ya faɗa kusa da wurin da ke cewa a tsaya, bayan shekaru sai hayayyafar ta ƙi tsayawa. Shi ne sankarar hanta, kuma da alama ita ta kashe yayyensa.

Na zunguri Baffa. "Ka ji, ƙosai ba shi da laifi."

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta ta ina cutar take shiga. Likita ta ce daga uwa wajen haihuwa, ko ta jini: shasshawa, kaciya, ƙaho, aska ɗaya a kan mutane da yawa.

Nan na ga fuskarsa ta sauya. A gidanmu ba ma zuwa wurin wanzami. Askar kakanmu ce, duk Juma'a babba ya aske ƙanana, kuma Baffa ne ya aske ni tun ina rarrafe, sau da yawa har da yanka.

Ya damƙi hannuna ya miƙa wa likita. "A ɗebi na yaron nan."

Yaron nan ni ne, mai 'ya'ya uku, amma haka na tsaya aka ɗiba. Muka koma benci. Ni da na zo rakiya, na koma mai jiran sakamako. Baffa bai taɓa dambunsa ba, carbi kawai yake ja.

Gab da la'asar aka ce babu komai a jinina, a fara mini allurar rigakafi. Baffa ya zame daga benci ya kai goshi ƙasa a gaban jama'a. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'izar babana.

Komawa

Muka sami motar ƙarshe, muka isa Katagum ana kiran magariba, Allah Ya kawo mu lafiya, mun gode Masa. A ƙofar gida na ce, "Baffa, kai fa aka ce kana da ita."

"Na ji," ya ce. "Tawa da sauƙi. Da an same ta a jikinka, da wace fuska zan je wa ubanka?"