Zoben Kaka da Motar Japan

Ranar Asabar da ta wuce jikana ya zo ɗaukata zuwa asibiti, dubiyar ƙanwata da aka kwantar. Ina ɗaki ina neman mayafi sai na ji yana ƙwanƙwasa jikin motarsa da makulli, wai in yi sauri. Na fito na yi masa faɗa, domin ba a kiran babba da ƙwanƙwasa. Amma ƙarar nan ta ƙarfe a kan ƙarfe ta riga ta kai ni wani wuri. Kakata na gani, da zoben azurfarta, a ƙofar gidanmu na Fagge. Bari in ba ka labarin daga tushe, don ni ba na son zance a birkice.

Mu asalinmu Barebari ne. Kakana ya zo Kano fataucin kanwa, ya zauna a Fagge, a nan ya rasu kafin a haife ni. Kaka, wato mahaifiyar babana, ta baro ƙauyensu da ke gaba da Fataskum tun tana amarya. A cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya ba wanda ya rage mata sai yayanta, kuma sun daɗe ba su ga juna ba, sai dai saƙon baki da ƙunshin daddawa. A ɗakinta nake kwana. Duk inda za ta, ina gefenta.

Sana'arta sayar da kwanuka da tasoshi na jeren amare. A Kasuwar Sabon Gari take saro su, kuma tana da ƙa'idar da ba ta tsallakewa. Da farko ta ɗaga kwano ta ji nauyinsa. Sannan ta kife shi ta duba gindinsa. Daga ƙarshe ta kai shi kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da zobenta. Kwanon kirki yakan yi amo mai tsawo. Na banza ya ce kwas, ya yi shiru. Mafi yawan waɗanda suke cewa kwas ɗin nan daga Japan suke zuwa.

Kai da ka taso yanzu ba za ka gane ba. A wancan zamani, bayan yaƙin duniya, kalmar ɗan Japan zagi ce. Allurarsu ta karye a ɗinki na biyu, yadinsu ya zuba a wankin farko, fentin kwanonsu ya ɓare tun amarya ba ta fita daga lalle ba. Har yaro in ya cika raki, sai ka ji an ce, "Rabu da shi, ɗan Japan ne." Kaka ta sha asara a kansu, ta kuma sha kunya a gidajen mutane. Ƙiyayyarta tana da dalili.

Baba direba ne a wurin wani Alhaji mai fataucin fatu da ƙiraga. Babbar mota yake ja, ƙirar Ingila, mai nauyi kamar ɗakin soro. Kullum da safe yana da jerin aikinsa: ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya zagaya tayoyi, sannan a sa hannu a juya ƙarfen tayarwa har ta yi tari ta kama. Ina tsammanin a wurinsa na gaji son tsari. Kaka tana alfahari da motar nan ƙwarai. Ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofarta, ta ce wannan ita ce ƙarfe. Ba ta lissafa yawan kwanakin da take yi a gareji.

Gab da samun 'yancin kai, Alhaji ya sayi wata ƙaramar mota daga hannun wani Kwara, irin Larabawan nan masu kantuna, da ya kawo ta daga Ikko. Doguwar ƙafa gare ta, da rufin tamfol, launinta kamar na ƙasa. Baba ya zo da ita gida ranar farko, unguwa ta fito kallo. Ya ce ƙirar Japan ce, kuma an gaya masa masu ƙera ta asalinsu injin saƙa suke yi kafin su koma mota.

Kaka ta zagaya ta sau ɗaya. Ta ƙwanƙwasa ƙofar da zobe. Ƙofar ta ce kwas.

"Masaƙa!" in ji ta. "Yadin ma ba su iya ba, sai mota? Wannan gwangwanin madara ne aka sa wa ƙafa. Kai, ka yi wasiyya kafin ka shiga."

Mutane suka yi ta dariya. Baba kuwa ba ya musu da mahaifiyarsa. Ya ja motar wata da watanni yana shiga dazuzzukan da babbar ba ta shiga, bai taɓa kwana a hanya ba. In ya faɗa a gida, sai Kaka ta ce ranar tana zuwa.

Sai damina ta yi tsakiya, lokacin marka. Kwatocin Fagge suka cika, katangu suka jiƙe, ƙanshin danyar masara gasasshiya ya cika lungu. Ranar wata Litinin da hantsi ma'aikacin gidan waya ya kawo takarda. Malamin da ke maƙwabtaka da mu ya karanta: yayan Kaka yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana nemanta.

Baba ya tafi wurin Alhaji nan take. Alhaji ya ce ya ɗauki ƙaramar motar, ya kai tsohuwa, kada ya damu da aiki. Baba ya dawo ya cika ta da mai, ya ce a shirya. Kaka ta ɗaure kayanta tsaf, ta fito, ta ga abin da ke tsaye a ƙofar gida, ta ajiye ƙunshin.

"Ina babbar?"

"Tana Sabon Gari, Iya. Wani ƙarfe ya karye, an aika Ikko, jirgin ƙasa zai zo da shi."

"To, mu jira jirgin. In wannan ta watse da mu a daji cikin ruwan nan, ba ni ba Yaya, ba ni ba Kano."

Ka lura, ba ƙin zuwa ta yi ba. Tsoro take kada ta kasa isa. A saninta, kuma sanin nan na shekara da shekaru ne, abu mara nauyi ba ya kai mutum ko'ina. Baba ya roƙe ta, Inna mahaifiyata ta roƙe ta, malam ya shigo ya yi nasiha. Litinin ta wuce. Talata jirgi ya zo babu ƙarfe. Laraba ma haka. Kwana ukun nan ba ta ci abin kirki ba, tana zaune a kan ƙunshin kayanta da carbi, duk wanda ya yi sallama sai ta miƙe.

Ranar Alhamis da safe haƙurinta ya ƙare. Ta ce za ta je da ƙafarta ta ga bakaniken da ya riƙe mata mota. Muka taka daga Fagge zuwa Sabon Gari cikin taɓo, Baba ya bi mu a baya da ƙaramar motar a hankali, don ta rantse ba za ta shiga ba.

Mai garejin wani dattijon Bayarabe ne da ya tsufa a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Babbar motar tana gefe a kan duwatsu, cikinta a buɗe, kaji suna fakewa a ƙarƙashinta. Kaka ta zazzaga masa faɗa, ya tsaya yana goge hannu har ta gama.

"Mama," ya ce, "na san ki a kasuwa. Ke ce mai sa 'yan kwanuka kuka. Shekara nawa ina ganinki, ban taɓa ganin kin yanke wa kwano hukunci ba ki kife shi ba. Wannan ƙaramar kin duba gindinta?"

Ashe Baba ya riga ya ba shi labarin ƙofar da ta ƙwanƙwasa. Ya ci gaba:

"Ƙofa ai murfi ce. Murfi kika ƙwanƙwasa."

Ya sa Baba ya hau da motar kan ramin da suke shiga in za su yi gyara daga ƙasa. Ya shimfiɗa buhu a kan matakala. Kaka ta tattare zanenta, ta kama kafaɗata, ta sauka ramin nan mai warin baƙin mai, yaran gareji suna leƙe suna rufe baki. Bakaniken ya nuna mata dogayen ƙarafa biyu da suka ɗauki motar daga kai zuwa gindi. Ta shafa su. Ta kai kunne. Ta ƙwanƙwasa da zobe, a gaba, a tsakiya, a baya. Har yau ina jin amon nan. Mai kauri ne, kuma ya daɗe bai mutu ba.

Ta fito, ta karkaɗe zane, ba ta dubi kowa ba. Ta ce wa Baba, "Me kake jira? Rana tana yi."

Kafin azahar mun haye gadar Wudil. Hanyar ta jar ƙasa ce. A wancan lokaci in an yi ruwa, akan sa shinge a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska, don kada su kwaɓe hanya. Mun iske shinge irin wannan fiye da sau ɗaya. Manyan motoci jere, irin wadda Kaka take jira, fasinjoji sun sauka sun hura wuta a gefen titi. Mu aka ɗaga mana sanda muka wuce. Kaka ta bi su da kallo har suka ɓace, ta ci gaba da jan carbi.

Muka kwana a Azare. Washegari, bayan Fataskum, muka bar babbar hanya muka shiga ta ƙauye, inda ruwa ya kwanta a wata fadama har gwiwa. Baba ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya taka ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya dawo. Ya ja wani ƙaramin ƙarfe kusa da giya, ya ce yanzu ƙafafunta huɗu duka za su ja. Motar ta shiga tana gurnani, taɓo yana fantsama a kan tamfol, Kaka ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Muka fita. Ba ta ko yi tari ba.

Mun isa da la'asar ranar Juma'a. Mun sami yayan Kaka da rai. Matarsa ta tare mu a ƙofar ɗaki, ta ce da Barbarci, Baba ya fassara mini daga baya, "Har shekaranjiya yana kiran sunanki. Ya ce yana da maganar da zai gaya miki. Daga ranar baki ya rufe."

Shekaranjiya, wato Laraba.

Kaka ta zauna kusa da shi. Ya buɗe ido, ya gane ta. Ya lalubo hannunta, ya kama zoben yana juya shi a yatsarta. A nan na ji cewa na mahaifiyarsu ne, shi ne ya saka mata shi a yatsa ranar da za a tafi da ita Kano. Ita ta yi ta magana, shi yana juya zobe. Ranar Lahadi ya cika. Maganar da ya ajiye mata, ba wanda ya san ta.

Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, kuma ban ji ta yi kukan da-na-sani a gaban mutane ba. Sai dai wani lokaci, tana tsakiyar jera kwanuka, in ji ta ce a hankali, "Kwana uku." Kuma daga wannan damina ba ta sake zagin wani da ɗan Japan ba. In wata ta faɗa a gabanta, sai ta ce, "Kin duba gindinsa?"

Motar nan ta yi wa Baba aiki har ya yi furfura. Da Alhaji ya sayar da ita, wani mai kanwa ya saya, kuma har bayan na yi 'ya'ya ana ba mu labarin an gan ta a hanyar Gashuwa da kaya. Yau ka tsaya a bakin Kantin Kwari ka duba titi, ƙirar Japan ce ta cika shi, ita ake rububi, ita ake cewa ba ta mutuwa. Zagin kuwa bai mutu ba, an dai mayar da shi kan kayan wata ƙasar. Su ma masu yinsa murfi suke ƙwanƙwasawa, ban sani ba ko suna da gaskiya.

Zoben yana hannuna yanzu. Da na gama yi wa jikana faɗa, ya buɗe mini ƙofa yana cewa, "Hajiya, kada ki ga ta tsufa, 'yar Japan ce." Na tambaye shi ko ya duba ruwa da baƙin mai, ya ce ya duba. Na shiga. Ni in aka ce nawa yana kwance, ba na tambayar wace mota ce a ƙofa.

Na sami ƙanwata tana magana. Har faɗa ta yi mini, wai na zo mata hannu rabbana. Na zauna na bar ta ta yi ta yi, ban katse ta ba.