Awarwaron kakata a cikin tukunyar miya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, a N'Djamena, mahaifiyata da ƙanwarta suka daina magana saboda awarwaro. Na azurfa ne, na kakata, ita ma ta gada wurin tata uwar da ta taso za ta Makka da ƙafa, tafiyar ta ƙare mata a nan.

Da mahaifiyata za ta yi doguwar tafiya, ta ba ƙanwar ajiyarsu a unguwar Chagoua. Ta dawo aka miƙo mata su baƙi ƙirin kamar an tono daga murhu. Nan take ta ce an musanya mata da jabu. Ƙanwar ta rantse har da kuka, Umma ta ce, "Halas, shi ke nan, kada ki ƙara taka min gida."

Abin ya dame ni ƙwarai, don matar nan ita ta goye ni. Na tafi Chagoua na ce, "Inna, ina kika ajiye su?" Ta jawo gwangwanin da take adana farar wuta, wadda take haɗa wa yara maganin ƙaiƙayi. Ina gani na gane abin da ya faru. A makon nan malamin shimi, wato kemistiri, ya gama wahalar da mu da oksidasiyon da rediksiyon: wanda ya ba da ilektaron shi aka yi wa oksidasiyon, wanda ya karɓa kuma rediksiyon. Ni da kullum nake juya su, ranar sai suka zauna min daram. Farar wuta ce ta ƙwace wa azurfa ilektaron, shi ya sa ta yi baƙi. Sai a nemo mai mayar mata.

Na ja Inna har gidanmu a Milezi, tana tirjewa. Na ɗauko tukunyarmu ta alminiyum, na goge cikinta, na tafasa ruwa da kanwa, na jefa awarwaron.

Umma ta ce, "Ke, gadon uwata za ki dafa min? Boko ya taɓa ki?"

Na ce, "Umma, tukunya ce za ta bayar, azurfa ta karɓa."

Wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Can sai baƙin ya fara sakin jiki, har ɗan zanen da kakata ta sa maƙeri ya yi mata ya fito fes. Umma ta tsamo ɗaya da ludayi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kamo hannun ƙanwarta ta zura mata, ta ce, "Yafe min."

Na ci jarrabawa da yawa bayan nan, amma babu wadda nake alfahari da ita kamar wannan. Inna ta rasu da awarwaron a hannunta, kuma Umma ce da kanta ta cire shi ranar wanka.